Babi na Biyar: Mazaunin Sifika da Rabon Sauti

Kayan sautin da ake kira hom tiyata a kasuwa sifikoki ne shida masu aiki tare da talabijin: uku a gaba, biyu a gefe, sai babban akwatin da ke fitar da sauti mai kauri, wanda masu sayarwa da masu gyara suke kira ufa. Lambar 5.1 da ake gani a jikin kwali wannan lissafin take nufi, wato ƙananan sifikoki biyar da ufa ɗaya. Kamfanin Dolby ya shigar da nasa tsarin gidajen silima a shekarar 1992, daga baya faifan DVD ya kai shi cikin falo. A farkon shekarun 1990 ɗin ne kuma hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da ƙa'ida mai lamba BS.775, wadda ta tsaida wa kowace sifika wurinta. Masu haɗa sautin fim a kan wannan ƙa'idar suke jera nasu sifikokin a ɗakin aiki. Saboda haka mai kallo ba zai ji abin da suka shirya masa ba sai ya kwatanta jerinsu a ɗakinsa.

A Rigasa, unguwar da ke yammacin birnin Kaduna cikin ƙaramar hukumar Igabi, wadda tashar jirgin ƙasan Abuja ta ƙara fito da sunanta tun 2016, ba a rasa irin waɗannan kaya a falon magidanci, da ɗakin amarya, da shagon aski, da gidan kallon ƙwallo. Akan sayo su sababbi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko shagunan titin Ahmadu Bello, ko kuma na hannu a wajen masu gyara. Abin da aka fi tararwa a falo shi ne an jera duka shidan a kan teburin talabijin, an ɗora wa ufa furen roba. Akwai dalili. Wayar da ke zuwa cikin kwali gajera ce, yara na jan duk abin da hannunsu ya kai, kuma jeren yana ƙawata ɗaki. Sai dai wanda ya yi haka kuɗin sifika shida ya biya, kunnensa kuwa guda ɗaya yake ji. Yawancin ƙorafin da ake kai wa mai gyara, cewa magana ba ta fita ko bes, wato sauti mai kauri, yana cika ɗaki da gunji, tushensa abu biyu ne: inda aka ajiye kowace sifika, da yadda aka raba musu aiki.

Kauri da sirantaka

Sauti kaɗawar iska ce, kuma ana auna shi da yawan kaɗawar da yake yi a sakan ɗaya, abin da ake rubutawa Hz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga Hz 20 zuwa wajen Hz 20,000. Tambari da babbar ganga suna can ƙasa, sarewa da kuntigi suna sama da su nesa. Tushen muryar namiji yana tsakanin Hz 85 da 180, na mace tsakanin 165 da 255, amma abin da ke sa a gane magana yana sama sosai, wajen Hz 2,000 zuwa 4,000 har gaba, inda baƙaƙe irin su s da sh da ts da f suke. Wanda ya rasa wannan yankin zai ji ana magana, ba zai san me ake cewa ba.

Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan idan zafin iska digiri 20 ne; a tsakiyar bazarar Kaduna, da zafi ya kai 35, yakan kai kusan 352. Idan aka raba wannan gudu da yawan kaɗawa sai a sami tsawon zangon sautin. Zangon Hz 80 ya haura mita huɗu, na Hz 1,000 santimita 34 ne, na Hz 10,000 kuwa bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Daga nan duk sauran bayanin yake tasowa. Sauti mai dogon zango yana zagaye kujera da mutum, yana ratsa bango. Mai gajeren zango miƙewa yake yi sak, matashin kujera ma yana iya tare shi. Kunne kuma yana gane inda sauti ya fito ne ta hanyar ɗan bambancin lokaci da ƙarfi tsakanin kunnen dama da na hagu, waɗanda tazararsu ba ta kai santimita 20 ba. Ga zango mai mita huɗu a cikin ɗakin da bangaye ke mayar da shi ta ko'ina, wannan bambancin ba ya wadatar da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ba dole ne ufa ta fuskanci mai sauraro ba, amma ƙananan sifikoki dole ne.

Haka kuma sifika ɗaya ba ta iya ɗaukar aikin duka. Ƙirar da ake amfani da ita har yau, ta takarda da maganaɗisu da naɗin waya, wadda Chester Rice da Edward Kellogg suka bayyana a Amurka a 1925, tana buƙatar faffadar takarda mai tura iska da yawa don sauti mai kauri, da kuma ƙarama marar nauyi don siririn sauti.

Gaba da gefe

Sifikar dama da ta hagu su ne ginshiƙi. Ƙa'ida ta ce kowace ta karkata digiri 30 daga tsakiya, wato tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa ga mai zama. Idan kujera tana nesa da talabijin da mita uku, sifikokin su ma a raba su da kusan mita uku; idan ɗakin bai ba da dama ba, mita biyu ya fi a matse su jikin allon. A karkato fuskarsu kaɗan zuwa ga wurin zama, kuma tuwita, wato ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, ta yi daidai da kunnen wanda ke zaune. A kan kushin wannan tsayin kusan mita ɗaya ne daga ƙasa. A gidajen da aka fi kallo a kan darduma ko tabarma sai a sauko da su, ko a sunkuyar da su. Masu ɗaura sifika can kusa da silin don tsoron yara ba su yi laifi ba, muddin sun sunkuyo da ita ta kalli wurin zama. Wadda aka manna a sama tana kallon bangon da ke fuskantarta, siririn sautinta ta saman kawunan mutane yake wucewa.

Ta tsakiya ita ce aka fi wulaƙantawa, alhali kusan duk maganar 'yan wasa daga cikinta take fitowa. Wurinta dab da allon talabijin, a ƙasa ko a sama, a daidai tsakiya. Idan a kan teburi take, a jawo ta bakin teburin, domin in aka tura ta ciki sautin yana bugun katako ko gilashi ya haɗu da na asali ya dagula shi. Sanya ta cikin kabad mai ƙofar gilashi kuwa toshe mata baki ne. Akwai kuma abin da mai saye ya kamata ya sani tun kafin ya ga laifin kayansa: shirye-shirye irin su Labarina da Daɗin Kowa, da mafi yawan abin da ake kallo a YouTube, layi biyu suke zuwa da shi, dama da hagu. Wayar nan mai kai ja da fari ma layi biyu take ɗauka, haka Bluetooth. Sautin 5.1 na ainihi sai ta waya irin ta HDMI ko ta haske, kuma sai idan fim ɗin ko tashar da shi suka zo. Ga mai layi biyu, na'ura mai tsarin Dolby Pro Logic II tana tsamo abin da dama da hagu suka yi tarayya a kai ta tura shi tsakiya, kuma yawanci wannan shi ne murya. Akwai wani zaɓin da ke kwafe sauti ɗaya ya watsa wa sifikokin duka. Ya dace da kiɗan biki. A fim kuwa yana sa ɗan wasa yana gaba muryarsa tana fitowa ta ƙeya.

Na gefe aikinsu ba da yanayi ne: ruwan sama, hayaniyar kasuwa, ihun 'yan kallo a filin wasa. Ƙa'ida ta ajiye su tsakanin digiri 100 da 120 daga gaba, wato a gefen mai zama, sun ɗan ja baya kaɗan, kuma a aikace akan ɗaga su sama da kunne da kamar rabin mita don kada wanda ke kusa da ɗaya ya toshe wa saura. Falon Bahaushe kujerunsa jikin bango suke, ba a barin fili a bayansu. A irin wannan ɗaki gara a ɗaura su a bangayen gefe, daidai layin kujerar da ke fuskantar talabijin, suna kallon juna, da a rataye su a saman kan mutane.

Ba kasafai ɗaki ke bari sifikoki biyar su yi nisa ɗaya da mai zama ba. Kowace mita tana jinkirta sauti da kusan kashi uku cikin dubu na sakan, kuma kunne yana bin wanda ya riga isowa, abin da Bajamushe Helmut Haas ya yi nazari a kai a 1949. Sifikar gefe da ke kusa da kujera tana iya janye hankali daga ta gaba. Maganinsa yana cikin na'ura: a auna tazarar kowace da tef, a shigar da lambar, ita kuma ta jinkirta na kusa har su iso tare. Bayan haka a kunna sautin gwaji mai kama da shuu, a daidaita ƙarfin kowace har su zo ɗaya a wurin zama. Manhajar auna ƙara ta waya ta isa wannan aikin. Manyan na'urori suna zuwa da makirufo da ke yin duk wannan da kansa, Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, amma awon ba ya inganta sai an kashe fanka, janareta kuma ya yi nisa.

Ɗakin ma yana cikin kayan

Ufa ce ta fi wahalar zaunarwa, kuma dalilin yana jikin ginin. Idan sauti mai kauri ya bugi bango ya dawo, yana haɗuwa da wanda ke tahowa. A wani wurin su ƙarfafa juna, a wani su kashe juna. Kowane ɗaki yana da lambobin da wannan ya fi tsanani a kansu, kuma ana samun ta farko idan aka raba 343 da ninkin tazarar bangaye biyu masu fuskantar juna. Ɗakin nan da magina suka saba yankawa, ƙafa 12 tsawo ƙafa 12 faɗi, wato mita 3.66, lambarsa Hz 47 ce, sai ninkinta 94, sai 141. Da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, matsalar a wuri guda take taruwa sau biyu, kuma silin mai ƙafa 10 yana ƙara tasa a Hz 56, kusa da waccan. Ɗaki mai murabba'i shi ne mafi wuya ga bes. Falo mai ƙafa 12 da 16 ya fi sauƙi, domin lambobinsa sun rabu, 47 da 35.

Abin da wannan ke haifarwa kowa na iya gwada shi. A kunna waƙa mai bes, a zagaya ɗakin a hankali. A jikin bango sautin yana da ƙarfi, a kusurwa ya fi ko'ina, a daidai tsakiyar ɗaki kuma wasu sassansa suna ɓacewa kamar an cire wayar. Mai zama a tsakiya zai yi ta ƙara ufa, na jikin bango kuma kansa na ɗaukar zafi. Ƙara ƙarfi ba ya cike ramin, domin da mai tafiya da mai dawowa tare suke ƙaruwa. Matsar da kujera daga bangon baya da rabin mita kawai yakan rage gunjin sosai.

Akwai tsohuwar dabara ta nemo wa ufa wuri, kuma ba ta cin ko sisi. A ɗora ufar a kan kujerar da aka fi zama, a kunna kiɗa mai bes da ke hawa da sauka, sannan mutum ya duƙa ya bi gefen bango yana saurare da kansa kusa da ƙasa. Inda ya ji kowane bugu ya fita daban, babu wanda ya danne wani, nan ne mazauninta. Idan aka mayar da ita can, abin da ya ji shi za a ji a kujera. Kusurwa tana ƙara wa ufa ƙarfi kyauta, shi ya sa ƙaramar ufa takan amfana da ita, amma tana tayar da duk lambobin ɗakin lokaci guda. Idan ramin iskar akwatin a baya yake, a bar masa aƙalla taƙi ɗaya daga bango.

Siririn sauti kuma da fuskar bango yake hulɗa. Ginin zamani na Rigasa, bulo da filasta da fenti mai sheƙi, tayil a ƙasa, silin na roba ko POP a sama, kusan duk abin da ya same shi mayarwa yake yi. Tafi ɗaya a falon da ba a sa kaya ba ya isa a ji amsa-kuwwar. Tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara, da bangonsa marar santsi, bai kai haka ba. Wallace Sabine na jami'ar Harvard ne ya fara auna wannan a ƙarshen ƙarni na 19, kuma da matasan kujeru ya yi gwajinsa, yana ƙara su yana lissafa yadda amsa-kuwwa ke raguwa. Maganin bai canza ba: kafet mai kauri tsakanin talabijin da kujera, labule mai nauyi a taga, kujerun kushin. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ɗan abin da yake yi kaɗan ne, bes kuwa bai san da shi ba.

Mararrabar sauti

Rabon aiki tsakanin sifikoki shi masu gyara suke kira kurosoba. Mararraba ce: sauti ya iso a haɗe, sai a tura mai kauri hanya ɗaya, siriri wata hanyar. Iri biyu ce. Ta farko tana cikin akwatin sifika, kuma da kafasita da naɗin waya ake yin ta. Kafasita tana barin siriri ya wuce ta tare mai kauri, don haka ake sa ta gaban tuwita. Naɗin waya akasin haka yake yi. A tuwita mai om 8, kafasita mai lamba 4.7 tana fara tarewa daga wajen Hz 4,200 zuwa ƙasa, mai 3.3 kuma daga wajen 6,000. Masu haɗa akwatunan sifika na gida sukan tsaya a kan kafasita ɗaya tak. Yana aiki, amma tarewar a hankali take, desibel 6 kawai, a ma'aunin ƙarfin ƙara, duk lokacin da lambar kaɗawa ta ragu da rabi, saboda haka idan aka ƙure ƙara, sauti mai kauri yana samun hanyar shiga ya ƙona tuwitar. Wanda ya ga tuwitarsa na yawan mutuwa ya fara duba nan.

Ta biyu tana cikin amfilifaya, ita ce ke raba aiki tsakanin ufa da sauran biyar, kuma ita mai gida yake iya taɓawa. Lambar da aka fi sani ita ce Hz 80. Ta samo asali ne daga ƙa'idar THX, wadda kamfanin Lucasfilm ya kafa a 1983 ƙarƙashin injiniya Tomlinson Holman, aka kuma faɗaɗa ta zuwa kayan gida daga baya. An zaɓi 80 ne domin ƙasa da nan kunne ba ya gane inda sauti ya fito, kuma matsakaiciyar sifika tana iya sauka har can ba tare da wahala ba. A gefen ufa yankan yana da kaifi, desibel 24, bisa tsarin da Siegfried Linkwitz da Russ Riley suka fitar a 1976, wanda ke sa ɓangarorin biyu su haɗu a mararraba babu tudu babu rami.

Amma 80 ba ta dace da kowace sifika ba, kuma nan ne ake yawan kuskure. Abin dubawa shi ne inda ƙarfin sifikar ya tsaya, wanda akan rubuta a bayanta ko a takardarta, sai a sa mararraba sama da nan da Hz 10 zuwa 20. Mai faɗin inci biyar ko shida takan zauna lafiya a 80. 'Yan ƙananan nan masu inci uku, irin waɗanda suka fi yawa a falukan Rigasa, da ƙyar suke sauka ƙasa da 120, wasu ma 150. Idan aka yanka musu a 80, tsakanin 80 da 130 ya zama kufai: ufa ta saki, su kuma ba su kama ba, kuma a daidai nan kaurin muryar namiji yake. Sai a ji mai sharhin ƙwallo kamar ta hanci yake magana, ga kuma gunji a ƙasa. Irin waɗannan a 120 ko 150 ake yanka musu. Wannan kuma yana da sharaɗi, domin a wannan lambar kunne ya fara gane inda ufa take, har wani sashen murya yana fitowa daga cikinta. Don haka mai ƙananan sifikoki ya ajiye ufarsa a gaba, kusa da talabijin, ko da wani lungun ya fi daɗin bes.

Na'ura takan tambaya ko sifika babba ce ko ƙarama. Tambayar ba ta girman akwati ba ce. Idan aka ce babba, za a tura mata sauti duka har mafi kauri. Idan aka ce ƙarama, mai kaurin ya tafi ufa. Muddin akwai ufa, ƙarama ce amsar da ta fi dacewa ko da ga dogayen sifikoki masu tsayawa a ƙasa, domin bes ne ya fi cin wuta, kuma in aka sauke wa amfilifaya wannan nauyin murya tana fita tas. Akwai wani layi daban mai suna LFE, wato ɗayan nan da ke bayan ɗigo a 5.1, wanda ke ɗauke da fashewa da tsawa. Yana kaiwa Hz 120, kuma ana kunna shi da ƙarin desibel 10 a kan sauran. Lambarsa a bar ta a 120. Ba ita ce mararraba ba, ko da yake ana yawan rikita su.

A bayan ufa mai wutar kanta akwai maɓallan murɗawa biyu da makunni ɗaya. Na yanka sauti a murɗe shi har ƙarshe idan amfilifaya ce ke rabon, don kada a yi yanka biyu a wuri ɗaya. Na ƙarfi a fara da shi a tsakiya. Makunnin mai 0 da 180 yana juya tafiyar takardar ufa. A sa wani ya riƙa sauya shi, mai sauraro yana zaune a kujera, duk wanda bes ya fi cika a kansa shi ne daidai. Wannan yana da ɗan'uwa a wayoyin sifika. Idan aka juya ja da baƙi a sifika ɗaya, takardarta tana shiga lokacin da ta abokiyarta ke fita, bes ya zube, murya kuma ta rasa tsakiya. Yana yawan faruwa bayan an yi ƙari a waya ko an tashi daga wani gida zuwa wani, kuma gyaransa minti ɗaya ne.

Kayan da ke zuwa a kwali ɗaya, na LG ko Sony ko Hisense da makamantansu, yawanci an ɗaure mararrabarsu tun daga masana'anta. Mai irinsu abin da ya rage masa shi ne mazauni da ƙarfin kowace sifika, kuma waɗannan biyun su ne mafi girman rabo. Kada dubban wat ɗin da aka rubuta da sunan PMPO su ruɗe shi. Lambar RMS ce ke kusa da gaskiya. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, sai an ninka sau goma kunne yake jin ƙarar ta ninka. Mai sayen na hannu kuma ya duba bayan na'ura, domin kayan Amurka na wuta 120 ne, na Japan 100, wutar Najeriya kuwa 230.

Gidan kallo da masallaci

Gidan kallon ƙwallo wani lissafi ne daban. Doguwar rumfar kwano ce mai bencina, ba mai neman sauti ya zagaye shi. Abin da ake so na layin ƙarshe ya ji sharhi kamar na layin farko. A fili, duk ninkin tazara yana rage ƙara da desibel 6. Idan sifika tana ƙasa a gaba, na farko yana mita 2 da ita, na ƙarshe yana mita 16, bambancinsu yana iya kusantar desibel 18, ga jikin mutane yana shanye siririn sautin a hanya. Mai gidan sai ya ƙure ƙara, na gaba su sha azaba, na baya kuma gunji kawai ke isa gare su. Ɗaga sifika sama da kawuna, a auna fuskarta ga bencinan baya, yana rage wannan bambancin ƙwarai. Idan rumfar ta yi tsawo, a ƙara wasu biyu a tsakiya, suna kallon baya su ma, ba suna fuskantar na gaba ba. Tazarar mita 10 jinkirin kusan kashi 29 cikin dubu na sakan ce, wadda kunne yake iya haɗewa. In ta kai wajen kashi 50 magana ta fara zuwa biyu-biyu, sai an sa na'urar jinkiri. Bes kuwa ba shi da amfani a nan. Yanke duk abin da ke ƙasa da Hz 100 ko 120 yana hana kwano karkarwa, yana kuma rage wa janareta ko batirin sola nauyi.

Lasifikar masallaci mai bakin ƙaho an ƙera ta ne don murya kawai, kuma ba ta sauka ƙasa da wajen Hz 200 zuwa 300. Sauti mai kauri ba ya fita ta cikinta, zafi yake zama ya ƙona naɗin. Rage maɓallin bes a amfilifaya yana tsawaita ranta, kiran salla kuma ya fi fita. A cikin masallaci, inda tayil da siminti suka yi yawa, ƙananan sifikoki da dama a jikin ginshiƙai da ƙara kaɗan sun fi manya biyu da aka ƙure. Kukan da makirufo ke yi yana tasowa ne idan yana jin sifikarsa, don haka sifika ta kasance tsakanin liman da jama'a tana ba shi baya.

Ƙara da kunne da bango

Kunne ba ya jin sauti mai kauri sosai idan ƙara ta yi ƙasa, kamar yadda Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna a 1933. Wannan ne ke sa mutum ya ƙara ufa da dare, washegari da aka ɗaga ƙara ta zama fitina. Daidaitawa a yi ta a kan ƙarar da aka saba kallo da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma a desibel 90 awa huɗu ne kacal, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Yaran da ke zama dab da sifika a gidan kallo su suka fi shiga wannan haɗarin.

A gidan haya, inda ɗakuna suke bango ɗaya, abin da ke isa ga maƙwabci bes ne, domin bulo yana tare siriri ya bar mai kauri. Rage ufa ita kaɗai ya fi rage ƙarar duka amfani, tunda magana ba ta raguwa. A nisanta ta daga bangon da aka yi tarayya a kai, a ɗora ta a kan roba mai kauri ko ninkakkiyar darduma don kada girgizarta ta bi daɓe. Yawancin na'urori suna da tsarin dare, wanda ke danne fashewa ya ɗaga magana, kuma idan aka haɗa shi da ƙarin desibel biyu ko uku a sifikar tsakiya, ana iya bin fim gaba ɗaya da ƙarar da ba ta fita tsakar gida.